Rakodar Cima da Akuyar da Ta Je Abija

A Kwarin Tsamiya, ƙauyen nan na ƙasar Adar da ke kwance tsakanin Tamaske da Garhanga, in baƙo ya tambayi gidan waya sai a nuna masa rumfar Cima. Ba tuta, ba akwati, ba ma'aikaci mai hula. Tsohuwa ce zaune bisa tabarma, gabanta turmin gabu, gefenta rakoda lulluɓe da ɗankwali kamar jaririyar da ake tsoron ta sha iska.

Cima ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, ko don ta fake ruwa. A Buza anka haife ta, aure ya kawo ta Kwarin Tsamiya, ta haifi bakwai, huɗu sunka rayu. Mijinta ya rasu shekarar da fari ya kwashe shanu, ya bar mata garkar albasa ɗaya da jaki mai taurin kai. Da ganyen albasar nan ta riƙe gida. Ta yanka, ta daka, ta cura shi dunƙule-dunƙule, ta shanya bisa rufin ɗaki, in ya bushe ya zama gabu ta kai kasuwar Tamaske, masu miya su kwashe. Har yau in ta ara maka ludayi, furarka sai ta yi ƙamshin miya kwana biyu. In an faɗa mata sai ta ce ai kyauta ta yi maka, ka gode.

Ido ne ya fara juya mata baya. Yanar ido ta rufe na dama, ta fara leƙa na hagu, sai 'ya'yanta sunka kai ta asibitin mishan da ke wajen Madawa. Can ta haɗu da Ruth, ɗiyar Kwarin Tsamiya ce ita ma, Kirista, tana aure da wani Yoshuwa, tana aiki ɗakin mata. Sati biyu Cima ta yi da ƙyalle ɗaure a fuska. Ruth kan aje mata 'yar rediyonta kusa da kunne in za ta tafi aiki, ita kuwa Cima kafin a kwance ƙyallen ta san kowace ma'aikaciya da takun ƙafarta, ta san wadda ke jan takalmi, ta san wadda ke satar barci a kujera. Ta dawo gida da rabin ido da kunne huɗu. Tun daga nan maƙwabta munka daina gulma kusa da katangarta, sai mun je bakin rijiya, can ma da raɗa.

Rakodar kuwa autanta Ridwan ne ya aiko da ita, shekara ta biyu da tafiyarsa ci-rani Abija ta ƙasar Kwaddebuwa, inda yake yawo da agoguna da tabarau a unguwar Ajame. Wannan zamanin rabin mazan garin can suke. Ba su iya rubutu ba, matansu ba su iya karatu ba, don haka kaset ne wasiƙa. Sai su taru ɗaki ɗaya ranar Lahadi, su sa kaset, kowa ya karɓi rakoda ya yi maganarsa, a ba direban kamyon, babbar motar albasa, ya taho da shi. In ya iso, rumfar Cima za a kawo, bayan la'asar mata su taru, wadda ke da hali ta zo da pil biyu, wato batir, wadda ba ta da shi ta zo da kunnenta.

Abin yana da tsari. Namiji kan fara da gaida Maigari da liman, sannan uwa, sannan 'yan uwa, ya tambayi damina, ya tambayi rumbu, ya tambayi jaki, in numfashi ya rage ya tambayi matarsa. In ya ce, "Yanzu maganar mai ɗaki ce," sai kowa ta tashi ta koma bayan danga, Cima ta rage murya, ta toshe kunne da yatsu biyu. Toshewar ta kunya ce kawai, duk garin ya san ko da buhun gero ta toshe sai ta ji. Amma ba a taɓa jin maganar wata a bakinta ba, shi ya sa ba wanda ya damu.

Ba ta yarda a mai da kaset baya da ƙarfin pil. Tana da wani tsohon bik marar tawada, da shi take juya zaren har ya koma farko. Pil in ya gaji ta shanya shi rana kusa da gabu, ta ce su sha zafi tare. Kuma kowane kaset sai ya kwana cikin kwallarta, don wadda ta je ice ko biki ta samu ji washegari. Bayan haka a ɗauki amsar mata bisa kaset ɗin, a mayar. Na Ridwan ne kaɗai ba ta bari a shafe, guda huɗu tana ɓoye da su ƙarƙashin zannuwa.

Da safe kuma rakodar rediyo ce. Cima kan ji Yamai, ta murɗa ta ji Landan, ta murɗa ta ji Jamus. In biyu sunka yi daidai ta ce akwai ƙamshin gaskiya. In kowa ya kama hanyarsa ta ce a bari su huce. Rediyo ba ta yarda da ita kai tsaye, don ba ta san uwayen masu maganar ba. Kaset kuwa wani abu ne daban a wurinta. Takarda, in ji ta, mai karantawa yana iya ƙara mata gishiri ko ya rage, amma murya murya ce. Kalmarta kullum ita ce, "Rakodata ba ta ƙarya." Ta faɗe ta har mata sunka ɗauka, in gardama ta tashi bakin rijiya sai ka ji wata ta ce, "A rakodar Cima na ji," shi ke nan magana ta mutu.

Shekarar 1993 anka shirya zaɓen da jam'iyyu da yawa sunka shiga, abin da matan garin ba su taɓa gani ba. Motoci masu lasifika sunka riƙa hawa dutsen nan suna sauka, kowace da launinta. An raba katin zaɓe, kowace mace ta samu nata da sunanta, ko da ba ta iya karanta shi. Zali, matar Ridwan, wadda ke zaune gidan Cima da goyonta, ta naɗe nata cikin leda ta sa ƙasan adaka, kullum sai ta ciro ta duba ko ɓera ya taɓa. Tun da anka haife ta ba ta taɓa riƙe takardar da ke tata ita kaɗai ba. Ta wanke zanen sallarta tun saura sati.

Akwai kuma Attahiru. Ya yi shekara uku Abija ya dawo da tabarau ɗaya da kalmomin Faransanci kamar goma, wata jam'iyya ta naɗa shi wakilinta a garin, ya sa kowa ya riƙa ce masa Sakatare. Ba mugu ba ne, son girma ne ya yi masa yawa. Manyansa na Keita sun gaya masa in garinsu ya fito da kyau, za a tuna da shi. Shi kuma ya lura matan garin sun fi tafa wa motar wasu.

Ranar Laraba, saura kwana huɗu zaɓe, ya shigo rumfar Cima da jakarsa a hammata.

"Inna Cima, saƙo daga Abija. Direba ya ba ni a Madawa, ya ce na gaggawa ne. A tara matan 'yan ci-rani duka."

Anka tara su. Cima ta cire ɗankwalin rakoda, ta hura ƙura, ta danna. Wata murya mai kauri ta fito, kamar daga ƙasan rijiya.

"Salamu alaikum, matan Kwarin Tsamiya. Ni ne Alhaji, shugaban 'yan Adar mazauna Ajame. Mazanku sun taru gidana sun ɗora mini magana. Sun ce ba su yarda matansu su tsaya layi cikin maza rana tsaka ba. Kowace ta kai katinta wurin Sakatare Attahiru, shi zai jefa mata. Wadda ta ƙi, ita ta sani da mijinta."

Sai ya jero sunayen mazan ɗaya bayan ɗaya. Na Ridwan ɗan Cima ne na uku.

Dela ce ta fara magana, maƙwabciyar Cima ta gabas, mace mai murya kamar ta mai shela, wadda mijinta ya shekara tara bai dawo ba.

"Mutumin da ko gaisuwa bai aiko ba tun bara, yau ya tuna ina da kati?"

Ba wadda ta yi dariya. Zali ta matso kusa da surukarta, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, mi za ni yi?"

Cima ta ce, "Kin ji da kunnenki, ɗiyata. Rakodata ba ta ƙarya. Tahi ki ɗauko mishi."

Wannan kalma ita ta buɗe adakokin garin. Kafin magariba katuna talatin da 'yan kai sun shiga jakar Attahiru, har da na Dela, tana ba shi tana zagin mijinta. Da zai tafi ya miƙa hannu zai zare kaset ɗin, Cima ta buge masa yatsu.

"Kaset kwana yake nan. Tun kafin ka san hanyar Abija haka tsarin yake."

Ya so ya yi gardama, ya ga idon mata a kansa, ya yi murmushi ya bari.

Washegari Zali ta yi daka ba waƙa. Ta ninke zanen sallar ta mayar adaka, ta rufe a hankali don kar a ji. Cima ta ji. Tana zaune tana cura gabu, dunƙulen na fita wani babba wani ƙarami, abin da ba ya faruwa da ita. Wani abu ne ke yi mata ƙaiƙayi a kunne tun jiya. Wane irin mutumin Adar ne zai samu kaset a hannu, ga pil sabo, bai gaida Maigari ba, bai tambayi rumbu ba, bai tambayi jakin kowa ba? Kuma maza talatin cikin ɗaki ɗaya, ba wanda ya yi tari, ba wanda ya kurɓi shayi, ba wanda ya yi ihu daga baya ya ce a gaida masa tsohuwa? Mijin Dela kansa, in yana ɗakin, ai da an ji shi yana gardama.

Ta wanke hannu, ta ɗauko bik ta juya zaren, ta ɗauki pil daga rana ta sa, ta murɗa muryar har ƙarshe, ta manna kunnenta jikin rakoda. Wannan karon ba Alhaji take saurare ba, bayansa take saurare, inda yake tsayawa ya ja numfashi.

Can nesa akwai injin niƙa. Tuf, tuf, tuf, sai ya yi tari, ya kama. Tuf, tuf, tuf, tari. Cima ta ɗago kai. Shekara shida take jin wannan tarin kowane hantsi. Injin Sani ne, mai niƙan garin, wanda makanikai uku sunka buɗe sunka rufe ba su gane ciwonsa ba.

Ta sake mannawa. Daidai inda Alhaji ya gama kiran sunan Ridwan, wata murya siririya saboda nisa, amma ba mai ɓata ta, ta ratso: "Madam! Fita daga shanyar mutane, 'yar banza."

Madam akuyar Dela ce, fara mai baƙin kunne, wadda ba shanyar da ta tsira daga bakinta a unguwar.

Cima ta yi dariya har ta ture faifan gabu. Sai dariyar ta yanke. Ba Attahiru ne ya karɓi katunan nan ba, ita ce. Da bakinta ta ce wa Zali ta ɗauko, da sunan rakodarta matan sunka miƙa. Saura kwana uku, katunan na cikin jakar mutum mai babur. In ta fita tana faɗa, zai ce tsohuwa ce marar ido ta fara jin abin da babu, ya hau babur ya kwana Keita, sai Lahadi a gan shi. Don haka ta mai da kaset kwalla ta rufe, ta rufe bakinta ma. Da Attahiru ya zo karɓa da la'asar ta ce masa akwai matan tudu da ba su ji ba.

Ranar Juma'a Ruth ta sauka daga motar kasuwa, don a garin anka rubuta sunanta, nan za ta yi zaɓe. Ta zo wa Cima da pil huɗu da maganin ɗigawa a ido. Ba su gama gaisawa ba Cima ta ja ta cikin ɗaki.

"Zauna, ƙawata. Ba ni ce miki komi. Sa kunne nan, ki bar mai maganar, ki gaya mini abin da ke bayansa."

Ruth ta saurara sau ɗaya, ta ce a sake. A na biyu ta dafe baki.

"Wannan ai Dela ce."

"Ke kinka faɗa, ba ni ba."

"Da injin Sani. Cima, har yanzu bai gyara injin nan ba?"

"Allah shi sa kar ya gyara kafin gobe."

Ruth ta so su tafi wurin Maigari nan take. Cima ta ce a'a, a kunnen mata ƙaryar ta shiga, ta kunnensu za ta fita, in ba haka ba ko an mai da musu katunan tsoro ba zai bar su su fita ba. Ta aika wa Attahiru cewa matan tudu sun yarda, ya zo gobe da hantsi da jakarsa ya haɗa da nasu. Ta je da kanta ta gaida Maigari, ta ce mazan garinsa sun aiko da magana babba, bai kamata ya ji ta a bakin mata ba.

Asabar da hantsi rumfar ta cika har bayan danga. Anka shimfiɗa wa Maigari buzu. Attahiru ya zo da tabarau da jaka, yana gaida mutane da yatsu biyu.

Cima ta ce, "Ranka shi daɗe, kafin saƙon Alhaji, bari in gwada pil."

Ta sa tsohon kaset na Ridwan. Muryarsa ta fito yana gaida Maigari da liman, yana tambayar jaki. Zali ta sunkuyar da kai tana murmushi. Cima ta tsai da shi.

"Ku bar Auta, kun san maganarsa. Mi kunka ji bayansa?"

Wata ta ce ruwan sama bisa kwano. Wata ta ce motoci na ta oda. Wata ta ce akwai mace tana talla da wani yare, da wani yana cewa a miƙo sukari.

"To, wannan ita ce Abija. Ni ban taɓa zuwa ba, amma shekara biyar ina jin ta. Yanzu ga Abijar Alhaji."

Ta sa na Laraba, ta murɗa muryar har ƙarshe. Alhaji ya fara, mata sunka sunkuyo. Tuf, tuf, tuf, tari. Sunka fara kallon juna. Attahiru ya gyara tabarau.

"Inna Cima, Abija babban birni ne. Injin niƙa ya fi dubu can."

"Haka ne, Sakatare, kai ka je, mu ba mu je ba."

Ba ta rufe baki ba, daga bayan masallaci Sani ya tada injinsa kamar kowane hantsi. Tuf, tuf, tuf, tari. Na cikin rakoda ya amsa masa, tuf, tuf, tuf, tari, kamar tagwaye masu mura. Maigari ya kai hannu gemunsa yana ɓoye baki. Cima ta ɗaga yatsa a yi shiru, Alhaji ya kira sunan Ridwan, sai ga ta nan: "Madam! Fita daga shanyar mutane, 'yar banza."

Dela ta miƙe tsaye, ta duba rakoda, ta duba mutane.

"Wa ya sa ni ciki?"

Ruth ta ce, "Sannu da hanya, Dela. Yaushe kinka dawo daga Kwaddebuwa, ba ko tsaraba?"

Wata daga baya ta ce, "Ke da kinka je har Ajame, kin ga mijinki?"

Wata ta ƙara, "Ta je da akuya ta bar mu nan da shanya."

Rumfar ta kece, har masu goyo sunka riƙe ciki. Dela ba ta yi dariya ba tukuna. Ta juya wurin Attahiru, ta sa hannu a ƙugu.

"Ranar Talata ce. Ranar da Madam ta shiga shanyar matarka. Ashe kana cikin ɗaki kana zama Alhaji, ni ina waje ina korar maka akuya."

Attahiru ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce shi dai don ya sauƙaƙa wa mata wahalar rana ya yi.

Dela ta ce, "Rana? Ni da ke yini garka tun kana ciki?"

Maigari bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sakatare, buɗe jakar." Ya buɗe. Anka zube katunan bisa faifan Cima, Ruth ta zauna tana ɗauka ɗaya ɗaya tana kiran suna, mai shi ta zo ta karɓa. Duk sun koma hannun masu su da ƙamshin gabu. Daga baya matar Attahiru ta ce ita ba ta san komi ba, ta dai tarar da hularsa cikin randa ranar Talata, ta rasa yadda anka yi ta shiga. A nan munka gane inda Alhaji ya samo muryarsa.

Da mutane sunka watse, Cima ta kira Zali. Ba ta saba ba da haƙuri ba, don haka ta yi shi a gajarce.

"Ni na ce ki ba shi. Na yi kuskure. Rakoda ba ta ƙarya, amma ashe ba ta san gaskiya ba, abin da anka sa mata a baki shi take faɗi."

Zali tana juya katin a hannunta. "Inna, in kuma shi ɗin da gaske bai so in tahi fa?"

"Auta ya san hanyar kaset. Mutumin da ke cinye rabin zare yana tambayar jaki, in yana da magana bisa katinki da bakinsa zai faɗa, ba sai ya yi hayar Alhaji ba. In ya yi fushi, ni na aike ki. Ciro zanen."

Ranar Lahadi layin mata a filin lakwal ya fi na maza tsawo, ya zagaya bishiyar dogon yaro. Cima na gaba, Ruth na riƙe da hannunta, Zali na baya da zanen salla da goyo. Cima ta daɗe a bayan labulen har mai kula da zaɓe ya fara tari. Da ta fito anka tambaye ta wa ta zaɓa, ta ce tsakaninta da ambulan. Masu tsokana sun ce da rabin idonta launin da ya fi kama da ganyen albasa ta ɗauka. Ta ce su je su tambayi akwati. Zali kuwa ta yini tana kare yatsanta mai tawada daga ruwan wanke-wanke.

Sati uku bayan haka kaset na gaske ya iso. Ruwa bisa kwano, motoci na oda, wani na neman sukari. Ridwan ya gaida Maigari da liman, ya tambayi rumbu, ya daɗe kan jaki, ya roƙi a aiko masa gabu don miyar can ba ta da daɗi. Can ƙarshe ya ce sun ji a rediyo an yi zaɓe lahiya, yana fata su Inna sun samu fita. Zali ta tashi ta shiga ɗaki, da yamma kuwa an ji waƙa a turmi.

Da anka zo ɗaukar amsa, Cima ta danna jan maɓallin ɗauka ta ce kar kowa ya yi magana tukuna. Ta ɗauki rakodar ta ɗora bisa katanga, ta bar ta ta sha tarin injin Sani har sau uku, sannan ta sauke ta ba mazan Abija labarin Alhajin Ajame tun daga farko. Ta ce daga yau duk kaset ɗin da zai fito daga wurinsu, a fara leƙa da rakoda ta taga a ji titi, sannan kowane namiji ya faɗi maganarsa da bakinsa, wanda ba a ji muryarsa ba bai yi magana ba. Dela ta karɓa ta yi wa mijinta wankin kai na minti biyar, Madam na kuka a bayanta, Cima ta hana a shafe.

Haka abin ya zauna har ƙarshen shekarun nan. Kaset ɗin Abija kan fara da odar motoci, na Kwarin Tsamiya da tarin inji. Da Sani ya samu makanikin da ya ce zai iya warkar da injin, mata sunka je sunka roƙe shi ya bar shi haka. Attahiru sunan Sakatare ya sauka daga kansa, Alhajin Ajame ya hau, yara na kira yana amsawa don ya gaji. Yayansa na can Abija, don haka in kaset ya zo shi ma yakan zo rumfar ya zauna gefe. Cima ba ta taɓa korarsa ba. Sai dai in ya zauna takan miƙa masa bik ta ce ya juya zaren, tunda ya san aikin.